Sitiyarin Jirgin Modu

Kwaciri, Fagge, Kano.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Yawuri lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa, da na mutum da na aljan. Mahaifiyarka ce ta cusa ta a ƙasan jakarka, ni kuma na ce ta yi haka don kada ka gan ta sai ka yi nisa da gida. Ba ta san abin da ke ciki ba. Tana tsammanin addu'o'in matafiyi na rubuta maka.

Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne, hannuna ya fi sabawa da sifana. Sau uku ina kiranka zaure a makon nan don mu yi magana, sau ukun kuma ina ɓigewa da faɗa a kan wani abu dabam, yau askinka, gobe wayar nan da ba ka ajiyewa. Ba askin ne ya dame ni ba. Wata magana ce nake ɓoyewa shekara ashirin da 'yan kai, kuma ta shafi mutumin da za ka zauna a ƙarƙashinsa ka koyi gyaran injin jirgi, wato Baba Modu. Za ka ga yana jan ƙafarsa ta hagu. A gida an gaya muku haɗarin jirgi ne, ƙaddara ce. Ƙaddara ce kam, amma ta hannuna ta biyo. Ina tsoron in ka gama karantawa ba za ka ƙara kallona da idon da kake kallona ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ka ji daga bakina.

Bari in faro maka daga tushe. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, mutumin Baga ne, can bakin tafki, masunci ɗan masunci. Fataucin bandar kifi ya kawo shi Kano ya zauna. Ni kuwa a Fagge aka haife ni, a Fagge na yi wayo, kuma babban ruwan da na sani shi ne rafin Jakara in ya cika da damina. Ko iyo ban iya ba, har yau ɗin nan da nake rubuta maka. Da na buɗe shagona a gefen Kasuwar Sabon Gari, aikina janareto ne da injin ban ruwa da injin markaɗe, kuma a nan ba na jin kunyar kowa, na iya. Wata rana wani mutum ya shigo da ƙaramin injin kwale-kwale a kafaɗa, ya ƙi tashi. Na duba na ga fulogi ne kawai ya mutu. Na canza, na cika durom da ruwa, na maƙala injin a bakinsa na ja igiya, ya kama ruri yana watsa wa jama'a ruwa. Maƙwabtana suka yi ta ihu, wai ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, jinin Baga ne ya motsa. Tun daga ranar sunana ya koma Bukar Mai Jirgi.

Abba, sunan nan ya yi mini daɗi fiye da kima. Fulogi ɗaya na canza, amma na bar mutane suka ɗauka na gaji sirrin ruwa. In aka tambaye ni labarin tafki sai in gyara zama in ba da labaran da na ji a bakin kakanka kamar ni suka faru da ni. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Don haka in aka liƙa maka sunan da ya fi ƙarfinka, ka cire shi tun da wuri da bakinka. Kai ma ga takardar makarantar koyon sana'a a hannunka, kana ji da ita, na ga yadda kake gyara wa mutane magana a shago. Ka ninke ta ka ajiye. A bakin kogi akwai tsofaffin da ba su iya rubuta sunansu ba, amma da jin ƙarar inji daga nesa za su gaya maka abin da ke damunsa. In ba ka san abu ba ka ce ban sani ba, ba a taɓa kai kowa asibiti saboda faɗin haka ba.

Modu shi ne ya san ruwa da gaske. A Baga ya girma, da gemunsa ya zo Kano, muka zama maƙwabta a nan Kwaciri, katanga ɗaya ta raba mu. Kwano ɗaya muke ci. Ranar sunanka shi ya kama ragon aka yanka. Ya san sarai ban taɓa taka jirgi ba, amma ko sau ɗaya bai tona ni ba. In ina zuba a majalisa sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da jan carbinsa.

A lokacin yana tuƙa wa wani Alhaji jirgi. Alhajin ɗan kasuwa ne a nan Fagge, mai sayar da atamfa, ba sai na kama sunansa ba. Ya sayo jirgin roba na hannu daga Legas, mai babban inji a baya da sitiyari a gaba irin na mota, ya kai shi dam ɗin Tiga yana tsallakar da mutane da kayansu ranar kasuwa. Wata shekara aka ajiye jirgin wata da watanni ba a aiki da shi. Da aka tashi komawa aiki, inji ya tashi lafiya lau, amma sitiyari ya cije, ko motsi ba ya yi. Maimakon a kai bakanike can, sai Alhaji ya sa aka ɗoro jirgin gaba ɗaya a bayan babbar mota aka sauke a ƙofar gidansa. Jirgin ruwa a tsakiyar Fagge! Kai, ranar unguwa ta fashe. Masu shaguna suka baro shagunansu, masu wucewa suka tsaya, har mata suna leƙe ta saman katanga. Aka aika a kira Bukar Mai Jirgi, na zo ina taƙama da jakar kayan aiki.

Tsaya in yi maka bayanin abin kamar yadda na fahimce shi daga baya, bayan an riga an yi ɓarna, domin kai ma za a kawo maka irinsa. Daga sitiyari akwai wata kakkaurar waya da ta bi gefen jirgi har baya. A ƙarshenta akwai sandar ƙarfe da ke shiga da fita a cikin wani bututu a gaban injin, ita ke tura shi dama da hagu. In jirgi ya daɗe a ajiye, tsohon giris da tsatsa sukan haɗu su daskare a cikin bututun, su riƙe sandar gam. Abin da ake fara yi shi ne a kwance ƙarfen da ya haɗa sandar da injin, a juya injin da hannu. In ya juya sumul, to ba shi ne mai laifi ba, matsalar tana bututu. Sai a sassauta babban notin da ke riƙe da wayar, a ɗura kananzir haɗe da ɗan mai ta bakin bututun, a tafi a bar shi. A dawo a ƙara, a sake tafiya. Wani lokaci kwana biyu, wani lokaci uku. In ya jiƙu, a kara katako a bakin sandar a riƙa bugawa a hankali, ba a haɗa ƙarfe da ƙarfe. In ta fito a goge ta da samfefa mai laushi, a wanke cikin bututun da burushin waya da tsumma har sai tsumman ya fito fes, sannan a shafa giris irin wanda ruwa ba ya cinyewa. Babbar doka kuwa, ba a tilasta wa sitiyari juyawa yana cije, domin a bayansa akwai 'yan haƙoran ƙarfe da ke jan wayar, kuma ba a yi su don kokawa ba.

Duk wannan ban san shi ba a ranar. Modu ya sani. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya don kada kowa ya ji, ya ce, "Bukar, a jiƙa shi da kananzir a ba shi kwana uku, haka muke yi a gida." Ka ga mutumin kirki, asirina yake son rufawa. Amma Alhaji yana tsaye yana cewa jibi kasuwa, jama'a kuma sun zuba mini ido. In ce a jira kwana uku? In ce direba ne ya koya mini? Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Malam Modu, kai direba ne ko bakanike? Kowa ya tsaya a layinsa." Aka kwashe da dariya. Modu ya ja da baya ya jingina da bango.

Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kada ka taɓa sayen dariyar taro da mutuncin wanda ya zo ya taimake ka, Abba. Kuma in kana aiki mutane suka kewaye ka, ka sani ba inji kake gyarawa ba a lokacin, kanka kake nunawa. Ka sallame su, ko ka bari sai sun watse.

Na ɗauko babbar guduma na hau sandar da duka, ƙarfe a kan ƙarfe, har bakinta ya baje. Ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya. Raina ya ɓaci. Na koma gaba, na zura dogon bututun famfo a tsakanin hannayen sitiyarin, na danna da duk ƙarfina. Sai na ji wata 'yar ƙara a bayan sitiyarin, ƙas! Ba ta da ƙarfi, kuma hayaniya ta yi yawa, ni kaɗai na ji ta, a tafin hannuna ma na fi jin ta. Kowane bakanike ya san wannan ƙarar, ko ɗan koyo ya san wani abu ya karye a ciki. A daidai lokacin kuma sandar ta saki, sitiyari ya juya. Jama'a suka ɗauki shewa, ana ta "Sai Mai Jirgi!" Alhaji ya dafa kafaɗata yana yi mini kirari.

Noti huɗu ne kacal tsakanina da ganin abin da ya karye. Aikin da bai kai a sha shayi ba. Na kalli notunan, na kalli jama'a, na ce a raina watakila tsatsa ce ta fashe. Na san ba tsatsa ba ce. Na lafta giris na mota a jikin sandar, na juya sitiyari dama da hagu sau biyu, yana tafiya. Aka kawo durom aka tayar da inji kamar yadda na saba burge mutane, ruwa ya yi ta tsalle. To amma me durom zai gaya maka game da sitiyari? A durom jirgi ba ya gudu, ba kaya, ba igiyar ruwa, babu abin da ke ja da sitiyarin. Gwajin 'yan tudu ne, na waɗanda ba za su shiga jirgin ba. Na wanke hannuna na ce an gama.

Ga nasihar da na fi so ka riƙe ko da ka manta sauran. Ɓarna a wurin aiki ba abin kunya ba ce, duk mai riƙe sifana yana yi. In ka ji ƙarar da ba ka gane ba, ka buɗe ka duba, ko mai kaya yana tsaye a kanka yana zagi. Mota in ta lalace a hanya, fasinja sauka suke yi su zauna a gindin bishiya. A ruwa ba gindin bishiya. Kuma duk jirgin da ka taɓa sitiyarinsa, ka shiga cikinsa da kanka a yi gwajin farko da kai. In ka ji ba ka son shiga, to zuciyarka ta riga ta gaya maka aikin bai gamu ba.

Ranar kasuwa Modu ya yi sawu biyu lafiya. A na uku, jirgi cike da mutane da buhuna, ya zo inda kututturan itatuwa suke a cikin ruwa, wurin da ya sani kamar tsakar gidansu. Ya murza sitiyari don ya kauce, sitiyari ya yi ta juyawa a banza, inji bai bi ba. Suka daki kututture. Allah Ya taƙaita, masu kwale-kwale suna kusa, ba a rasa rai ba, an tsamo kowa. Amma Modu ya faɗa ta baya, farfelar injin ta same shi a ƙafa. Wata biyu yana kwance a asibiti. Na je duba shi sau ɗaya, na kai lemo da ayaba, na kasa haɗa ido da shi, na ce aiki ya yi mini yawa na gudu.

Da ya fara takawa da sanda, Alhaji ya tara mu a zaurensa bayan la'asar, da dattawan unguwa da limamin masallacinmu. An ce wa Alhaji wai Modu gudu yake yi. Modu ya ce shi dai sitiyari ne ya saki a hannunsa. Jirgin kuwa gabansa ya farfashe, an riga an sayar wa 'yan gwangwan, babu abin da za a duba. Sai Alhaji ya juyo ya ce, "Malam Bukar, tsakaninka da Allah, sitiyarin nan lafiya ya bar hannunka?" Na ce, "Lafiya ƙalau, Alhaji, kowa ya gani." Liman ya gyaɗa kai, domin shi ma yana wurin ranar da aka yi shewa. Alhaji ya kira Modu mai ganganci da rayukan bayin Allah, ya ce ya sallame shi, kuma ba zai yi shiru ba in wani ya zo tambayar halinsa. Modu ya dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce ma da na fi samun sauƙi. Ya dogara sandarsa ya tashi ya ce, "Allah Ya isa shaida," ya fita.

Abba, ubanka ya yi shaidar zur a gaban liman. Ga shi na rubuta da hannuna. Na yi ta ne don kada a daina kirana Mai Jirgi, ba don wani abu ba. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙi ba a taɓa jin kansa ba, ya koma ba mai ba shi jirgi a duk faɗin Tiga. Bai cika wata uku ba ya kwashe iyalinsa suka koma Yawuri, ni na taya shi ɗora kaya a mota kamar mutumin arziki. Idan aka ce maka tsakaninka da Allah, ka tsaya ka numfasa kafin ka buɗe baki. Kunyar rana ɗaya na guje wa, ga shi na kwashe shekara ashirin ina ɗauke da wadda ta fi ta.

Daga nan na daina karɓar injin jirgi, na ce wa mutane ba riba. Na yi sadaka, na yi azumin nafila, na roƙi Allah gafara ba adadi. Amma malamai sun gaya mana haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, ni kuma na san hanyar Yawuri, ƙafata ce ta ƙi zuwa. Kowace sallah sai Modu ya aiko mana da bandar kifi. Kuna murna kuna ci, ni kuwa in ce cikina ba daɗi. Mahaifiyarka har magani ta nema mini, wai kifi ba ya karɓata.

Da ka dage kai sai aikin jirgi, na yi ta kawo maka dalilai na banza, ka tuna. Da na ga ba za ka bari ba, na san ba hannun da zan yarda in damƙa ka sai nasa, domin yanzu shi ne babban mai gyaran injina a bakin ruwan can. Na kwana biyu ina kallon lambarsa kafin in kira. Ban gama bayani ba ya ce, "Haba Bukar, har sai ka roƙa? Turo shi, ɗanka ɗana ne." Na buɗe baki in faɗa masa, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina tambayarsa ya ruwa ya iyali.

Shekaran jiya na ce to bari in fara ta inda na ɓata. Na sa manyan kaya na tafi gidan Alhaji, don in gaya masa gaskiya ya wanke Modu da bakin da ya zage shi. Liman ya daɗe da rasuwa, dattawan da suka zauna a zauren nan duk sun tafi, Alhaji kaɗai ya rage. Babban ɗansa ya shigar da ni. Na sami Alhaji a kan tabarma, tsufa ya cinye shi. Na durƙusa na zayyana masa komai, da guduma, da bututun famfo, da ƙarar da na ji. Yana ta kallona yana murmushi. Da na gama sai ya ce, "Wane Modu?" Ɗansa ya ce mini in yi haƙuri, shekara biyu ke nan ko su ba ya ganewa sosai. Na fito na tsaya a ƙofar gidan, daidai inda aka sauke jirgin, na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar kakanka. Na yi ta jiran ranar da maganar za ta yi sauƙi, har mutumin da zai iya wanke Modu ya manta an taɓa yin Modu.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Baba Modu ba ya karanta boko. In ka huta, ka same shi a wurin aikinsa da rana, lokacin da mutanensa suke kewaye da shi, ka ce mahaifinka ya aiko da saƙo, ka karanta masa takardar nan da ƙarfi. A gaban mutane na ƙaryata shi, ba daidai ba ne in ba shi haƙuri a ɓoye. Na san abin da nake ɗora maka, baƙo a garin mutane, daga zuwanka ka tashi ka tona asirin ubanka. Kada ka tsallake ko layi ɗaya don ka rufa mini. In ya ce ka tattara ka koma gida, ka dawo ba tare da ka ɗaga masa murya ba, yana da gaskiya. In ya yi shiru, ka bar shi da shirunsa. In kuma ya yarda in zo, ka kira ni, ko a ranar ne zan shiga mota in zo in durƙusa a gabansa.

Modu, in kana ji, sitiyarin ba lafiya ya bar hannuna ba. Ni na karya shi, na ji lokacin da ya karye, kuma ka faɗi gaskiya a zauren Alhaji. Ka yafe mini don Allah.

Kai kuma Abba, ka riƙe salla a kan lokaci, ka sa rigar ruwa mai hana nutsewa duk sanda za ka shiga jirgi ko ana yi maka dariya, ka riƙa kiran mahaifiyarka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya fitar da kai daga kowane ruwa lafiya, kai da duk wanda zai hau jirgin da ka gyara. Allah Ya sa ka fi ubanka gaskiya. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Bukar.